Akwatin gitar a Maradi: wace sifika, guda nawa, baya a buɗe ko a rufe?

Wata Litinin, ranar kasuwa, bayan la'asar, wani yaro ɗan unguwarmu ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona. Ampili, wato na'urar ƙara wa gitar ƙarfi, na hammatarsa, a bayan babur kuma an ɗaure wata ƙatuwar sifika mai inci 15 da igiyar roba. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kawu, akwati nake so ka buga mini, wanda in na taɓa gitar a unguwar Bagalam za a ji ni a unguwar Zariya." Na karɓi sifikar na juya bayanta. An rubuta wat 1000 da jan rubutu ɓaro-ɓaro. Na danna takardarta da yatsu, na ji ta da nauyi da kauri kamar tafin takalmi. Na ce masa, "Zauna, ɗana. Buga akwati aikin kwana biyu ne. Amma wannan sifikar ba ta gitar ba ce."

Kusan duk mai gitar da ke zuwa wurina da wannan lissafin yake zuwa: babbar sifika, babbar lamba, babban bafil, wato akwatin sifika. Abin da na zaunar da yaron na gaya masa a ranar shi nake so in shimfiɗa a nan, don wanda ya tara ƴan kuɗinsa da gumi ya san inda zai sa su.

A fara da sifikar kanta, domin ita ce maƙogwaron gitar. Tsirkiya mafi kauri a gitar, in an ɗaure ta yadda aka saba, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato Hz 82. Sifikar da aka ƙera don gitar tana ɗauko amo daga wajen Hz 70 ko 75, ta kai shi wajen 5000, daga nan ta saki. Wannan sakin da gangan ne. Abin da ke sama da nan, musamman in an murɗa ampili har ya fara gurnani, ba komai ba ne sai tsatsa da ƙaiƙayi a kunne, kamar ana soya ƙosai kusa da makirufo. Takardar sifikar gitar siririya ce marar nauyi, bakinta ma takarda ce mai ninki, ba roba ba. Da an taɓa tsirkiya take amsawa, in an matsa mata kuma sai ta ɗan girgiza ta ƙara wa amon wani zaƙi nata na kanta.

Sifikar sono, irin ta masu biki da masu wa'azi, aikinta daban. An yi ta don ta ɗauki dukan ganga da bas ba ta yage ba, shi ya sa takardarta ke da nauyi, kuma ba ta hawa sama sosai, sai an haɗa mata ƙaramar sifikar kaifi mai bakin ƙaho. Ka sa wa gitar ita kaɗai, amon ya fito a toshe kamar mai magana da bargo a baki. Ka haɗa da ƙahon, tsatsar da na ambata ta fito fili. Sifikar mota kuwa kada ma a kawo zancenta: ƙararta kaɗan ce, an yi ta don ɗaki ɗan ƙarami mai gilashi a rufe. Wuri biyu ne kawai nake yarda a ba gitar bafil ɗin sono. Na farko gitar akustik, mai rami a ciki wadda aka sa wa abin ɗaukar sauti, domin ita tana son kaifin nan na sama don a ji karcen yatsa. Na biyu wanda ke kiɗa ta cikin na'urar ƙafa mai kwaikwayon amon akwati, tunda na'urar ta riga ta yanke abin da ya kamata a yanke.

Sai zancen wat, inda aka fi cutar mutane. Wat ɗin da ke jikin sifika ba ƙarfin murya ba ne, yawan wutar da za ta iya sha ne kafin bobin ɗinta, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone. Kuma lambobi irin su 1000 da 2000 da ake mannawa a kan arahar sifika, musamman in ka ga haruffan PMPO a gefe, ado ne na talla. Lambar da ke nuna ƙara ita ce desibel, dB: yawan ƙarar da sifika ke bayarwa in an ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Ga inda lissafin yake da daɗi. Kowane ƙarin dB 3 daidai yake da ninka wutar ampili sau biyu. Sifika mai dB 100 a kan ampili mai wat 25 za ta yi ƙarar da mai dB 97 ke yi a kan wat 50. Wanda ke zuwa kiɗa ƙauyukan Madarunfa ko Tibiri da ampilin batir, ko wanda ke raba ƙaramin janareto da masu fitila da masu makirufo, wannan dB 3 ya fi masa duk wani wat da za a rubuta.

Amma kada a raina wat gaba ɗaya. Sifika ta fi ampili ƙarfi, ba ampili ya fi ta ba. In ampilinka mai kwalaben wuta ne, irin na da, ka nemi sifikar da ta ninka shi sau ɗaya da rabi ko biyu, domin in ya fara gurnani yana fitar da wutar da ta wuce abin da aka rubuta masa. Kuma mu nan muna kiɗa a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, biki kuma ba ya ƙarewa a awa ɗaya. Bobin da ke shan wuta daf da iyakarsa a irin wannan yanayi ba ya daɗewa.

Sunayen da za ka ci karo da su in ka shiga neman ta gaske, a Kano ko ta hannun masu kawo tsofaffin kaya, ba su da yawa. Celestion ta Ingila ita ce kan gaba. Vintage 30 ɗinsu, duk da sunanta, wat 60 take ɗauka, dB 100, nauyinta kilo 4.7. Tsakiyar amonta tsini gare shi, tana ratsa ganga da tafi da guɗa ta fito. Wanda ke son gurnani irin na Mdou Moctar zai ji daɗinta, amma a kan ampilin tiranzisto mai kaifi tana iya sukar kunne. G12M, wadda ake kira Greenback saboda koren murfin bayanta, wat 25 kawai take ɗauka. Amonta da taushi da ɗumi, ina son ta ƙwarai, sai dai ba na ba mai kiɗan fili shawarar ya dogara da guda ɗaya. G12T-75 wat 75 ce, dB 97, tana da kauri da kaifi amma tsakiyarta a lotse, ga gitar da ke jan waƙa ita kaɗai sai ta ɓace cikin taro. Seventy 80, wat 80, dB 98, ita ce mai sauƙin kuɗi a cikinsu, kuma ita aka fi samu cikin tsofaffin ampilai. Masu kiɗan Turai suna raina ta. Ni ban raina ta ba, don ga amo mai tsabta tana aiki, tana kuma jure wahala. Jensen, asalinta Amurka, yanzu a Italiya ake ƙera ta. C12N ɗinsu mai wat 50 tana da ƙararrawa a sama da sarari a tsakiya, ita nake tunawa in yaro ya ce mini yana son tsirkiya ta riƙa walƙiya irin ta kiɗan Agadas, salon Bombino, ko gudun yatsu irin na Tal National. Eminence ta jihar Kentaki ma tana da masu kyau da ƙarfi, irin su Legend 1258 mai wat 75. Abu ɗaya a sani: ganin an rubuta ƙirar Sin a jikin Celestion ba ya nufin jabu ce, kamfanin da kansa yana ƙera da yawa a can.

Ta hannu za ka fi samu, don haka ga yadda nake duba ta kafin a biya. Ina baza yatsu kewaye da ƴar hular tsakiya in danna a hankali, daidai wa daida. In na ji ƙarar gogayya, kar-kar, bobin yana taɓa bango, a bar ta. Ina sansana bayanta, ƙonannen bobin ba ya ɓoye warinsa. Ina ɗora mitar masu gyara in auna om, wato yadda bobin ke tare wuta: wadda aka rubuta wa om 8 za ta nuna 6 da wani abu zuwa 7, mai 16 ta nuna wajen 12 zuwa 14, mai 4 ta nuna wajen 3, wannan daidai ne. Sannan ina duba gefen hular ko akwai sabon gam. Masu naɗin bobin a garin nan suna da hannu, sun ceci sifikoki da yawa, amma wadda aka sake wa naɗi da takardar sono ta tashi daga sifikar gitar, sunan kawai ya rage a bayanta. Kada a saye ta da kuɗin ta asali.

Inci 10 ko 12? Mai 10 tana da saurin amsawa, ba nauyi, akwatinta ƙarami. Mai 12 ta fi cika, ta fi kauri, kuma ita ce ta fi yawa a duniya, in ta lalace samun madadinta ya fi sauƙi. A fili, inda babu bangon da zai dawo maka da kauri, guda ɗaya mai inci 10 tana yin siriri. Biyu masu 10 kuwa abin so ne ga mai kiɗa da tsabta. In kuɗin guda ɗaya ne da kai, sayi 12.

Yawan sifika a akwati shi ne inda ido ke yaudarar mutum. Akwatin nan mai huɗu na kamfanin Marshall da ake gani a bidiyo yana da dalilinsa: a shekarun 1960 sifikokin da ake da su wat 15 zuwa 25 suke ɗauka, ampilai kuma suna ta ƙara ƙarfi, dole aka tara huɗu su raba wutar. Yau guda ɗaya tana shan abin da huɗun can ke sha. Akwatin mai huɗu ya haura kilo 35, ba ya hawa babur, a adaidaita ma sai ya cinye wurin mutum biyu. Mai biyu ya fi hankali, kuma manyan ampilan da aka sani da tsabtar amo haka suke: Fender Twin Reverb mai wat 85, da Roland JC-120 da ya fito a 1975, kowanne sifika biyu ne masu inci 12. Amma shawarar da nake ba mutanen garin nan ita ce a buga akwati mai guda ɗaya, in hali ya samu a buga masa ɗan'uwa. Ƙaramin taro ka ɗauki ɗaya. Babban biki ka ɗora ɗaya kan ɗaya, na saman ya zo kusa da kunnenka, ko ka raba su hagu da dama. In nauyi ne damuwarka, akwai masu maganaɗisun neodimiyom, irin Neo Creamback mai wat 60 da bai kai kilo 2 ba, sai dai kuɗinsu da zafi.

Yanzu ga bayan akwati, inda na fi daɗewa da yaron nan, don a nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Takardar sifika fuska biyu gare ta. In ta tura iska gaba, a daidai lokacin tana jan iska daga baya. Igiyar amon Hz 82 tsawonta ya wuce mita 4, akwati kuwa bai kai mita ba, don haka in baya a buɗe yake, amon baya yana zagayowa ya haɗu da na gaba su kashe juna. Kauri ne ke mutuwa a wannan karon, kaifi ba ruwansa, tunda igiyarsa ƴar gajeruwa ce. Shi ya sa buɗaɗɗen akwati ke da amo mai iska, a warwatse, ya cika wuri ta ko'ina, mai ganga da ke bayanka yana jin ka sarai. A cikin ɗaki ko zaure, bango yana dawo da abin da ya fita ta baya, sai ka ji gitar ta yi faɗi. Rufaffe kuwa yana tsare amon baya, iskar ciki ta zama kamar matashi ga takarda. Kaurinsa a dunƙule yake, yana dukan ƙirji, kuma komai gaba yake tafiya. Aibinsa shi ne kaifin yana fita kamar hasken tocila: wanda ya zauna daidai saitin sifika kunnensa zai sha wuya, wanda ke gefe kuma yana cewa a ƙara. Kai mai gitar, da ke tsaye kusa da shi amon na wuce ta gwiwarka, sai ka yi ta ƙara kaifi kana azabtar da ƴan layin gaba ba ka sani ba.

To wanne ya dace da mu? Yawancin kiɗanmu a waje ne, kan titi ko filin unguwa, an kafa rumfa an jera kujeru. A nan buɗaɗɗe yana zubar da rabin aikinsa ga awakin da ke bayan rumfa. Ga kuma abin da takardun Turawa ba sa faɗa: ƙurar hunturu, ɓera, da zanzaro. An taɓa kawo mini wani akwati, mai shi ya rantse sifikar ta ƙone, don duk tsirkiya mai kauri da ya taɓa sai ta yi zzz. Na haska fitila ta baya, sai ga gidan zanzaro na laka, girman ƙwallon dabino, manne a ƙarfen sifikar yana taɓa takarda. Na ɓamɓare shi da bakin cokali, na goge da burushi, amo ya dawo garau. Duk da haka ba na cewa a rufe kawai a huta, domin salon gitar mai tsabta da yaranmu ke bi yana numfashi ne a buɗaɗɗe, kuma ƙungiyar da ba ta da sifikar da ake ajewa a gaban masu kiɗa don su ji abin da suke kaɗawa tana bukatar mai ganga ya ji gitar.

Abin da nake yi shi ne in raba bayan gida uku. Allon sama da na ƙasa a ɗaure, na tsakiya kuma da sukurori shida, a cire a mayar. Fili, a rufe. Ɗaki, a buɗe. Ajiya, a rufe ko da yaushe. In za a rufe, a rufe da gaske: a shimfiɗa siririn soso ko robar tiyub a bakin allon, don ƴar ƙaramar kafa tana yin fito. Rufaffe kuma yana son ciki mai faɗi, in ya matse amon ya zama kamar daga cikin kwali. Ga mai inci 12 guda ɗaya ina yin faɗi wajen santimita 56, tsayi 46, zurfi 27.

Zancen katako ba ni da dogon bayani a kai, don bai kai sifika tasiri a amo ba, ƙarko ne abin dubawa. Manyan kamfanoni suna amfani da katakon birch mai falle-falle na yankin Baltik. Mu abin da ke hannunmu shi ne kontirplake, wanda ƴan Kano ke kira filawud. A nemi mai milimita 18, a dubi bakinsa: falle da yawa, babu ramuka a tsakani. Allo ɗaya mai santimita 122 da 244 yana fitar da akwatuna biyu in an yi yanka da lissafi. MDF, wato allon garin katako da aka danne, yana da sauƙin yanka, ba ya ƙara, amma nauyi gare shi, sukuru ba ya riƙe bakinsa, in kuma ruwan Agusta ya taɓa shi sau ɗaya sai ya kumbura kamar burodi. Na yi asarar akwati guda ta haka, kwana ɗaya ya yi a ƙasan rumfar da ke yoyo. Farin katako ba nauyi, amon buɗaɗɗe yana daɗi a cikinsa, amma sai busasshe sosai, in ba haka ba hunturu na shiga zai tsage, kuma gara tana son sa.

A haɗa kusurwa da farin gam na kafinta da sukuru, a sa ƴan sanduna masu santimita 2 ta ciki. Ƙusa kaɗai ba ta jure girgiza. Ramin Celestion mai inci 12 faɗinsa milimita 283 ne, amma kada a yanka sai sifikar tana hannu an auna. Wajen ɗaure ta a bi sukurori gicciye, kaɗan-kaɗan, kada a matse ɗaya har ƙarshe, don ƙarfen yana lanƙwasa bobin ya fara gogayya. Gaba a sa ragar ƙarfe, saboda yara da gwiwar fasinja. Kafet ɗin da masu sono ke liƙawa ƙura yake tarawa, na fi son fenti ko ledar kujera. A yi masa ƙafafu da tsohuwar taya ya tashi daga ƙasa. Mariƙi kuwa na daina sayen na roba, baduku nake kai wa ya ɗinka mini na kirgi ninki uku, wani lokaci ya lulluɓe shi da jar fatar akuyar Maradi. Ba ya tsinkewa, kuma duk wanda ya gani ya san inda aka yi akwatin.

Saura haɗin waya, wanda kuskure a cikinsa ke cin ampili. Sifika biyu masu om 8, in ka haɗa su a jere kamar raƙuman ayari, abin da masu gyara ke kira seri, sun zama 16. In ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, wato paralel, sun zama 4. Biyu masu 16 a paralel su ba da 8. Ampilin tiranzisto yana da iyakar da aka rubuta a bayansa, kada a sauka ƙasa da ita, sama da ita ba laifi sai dai ƙarfi ya ragu. Ampilin kwalabe yana son daidai abin da aka rubuta, kuma kada a taɓa kunna shi babu sifika a jone. In ka haɗa mai wat 25 da mai wat 60, om ɗinsu ɗaya, akwatin wat 50 ne, ba 85 ba, don wuta biyu take rabuwa daidai, ƙaramar ce za ta fara ƙonewa. Kafin a rufe, a ɗauki batirin tocila a taɓa wayoyin: dukan takardun su tura gaba tare. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, a juya wayar guda, in ba haka ba kauri zai ɓace. Wayar da ke tsakanin ampili da akwati kuma ta zama mai kauri mai jijiya biyu, ba igiyar gitar ba, ko da bakinsu iri ɗaya ne.

Yaron ya sayar da mai inci 15 ɗinsa ga wani mai sono, ya cika kuɗi, bayan sati uku aka kawo masa Seventy 80 mai om 8 da aka ciro daga wani mataccen ampili a Kano. Na danna ta, na auna, lafiya lau. Ranar da na gama akwatin ya zo da abokinsa mai ganga, muka fitar da shi bakin titi bayan sallar isha'i. Ya yi kiɗa da baya a rufe, mai shayin tsallaken hanya ya ɗago kai. Muka cire allon tsakiya ya sake, mai gangar ya ce, "Yauwa, yanzu nake jin ka." Suka ɗan yi gardama, daga baya yaron ya zuba sukurori shidan a aljihun jakar gitar, ya ɗaure allon a bayan akwatin da igiyar robar da ya zo da ita ranar farko. Ya ce bayan kaka, in mahaifinsa ya sayar da wake, zai dawo a buga na biyun. Na rubuta ma'aunin da fensir a jikin bangon shago, kusa da inda nake rataye zarto.